Sana'ar Ƙulla Tafiya: Daga Kalambaina Zuwa Yamai

A duk kakar zaɓe, a Gwandu da Kalgo akwai wasu mutane da ba ka ganinsu a kan dandamali. Ba a buga hotonsu a fosta, mawaƙa ba sa ambatonsu. Aikinsu sai bayan Isha'i yake farawa: su shiga zauren wannan, su fito su faɗa na wancan, su kai magana su dawo da amsa, har a wayi gari ka ji wane ya janye wa wane, ko ɓangare kaza ya dawo tafiya. Jama'a na ce musu dillalan siyasa, ana faɗa ana ɗan yatsine fuska. Ni kuwa ina ganin girman aikinsu. Neman ƙuri'a kowa na iya yi idan yana da baki da aljihu. Amma zaunar da mutum uku masu ganin kansu, kowa da jama'arsa, a raba musu mulki ɗaya, su riƙe shi tare shekara da shekaru ba tare da an ɓare ba, wannan sai gwani.

Gwanin yakan fara da lissafi, kuma lissafinsa ya wuce ƙidayar kujeru. Wanda ya hau hanyar da ta tashi daga Kalgo ta bi Bunza zuwa Kamba, yana ƙetare iyaka ya shiga jihar Doso ta Nijar, kuma a ƙasar nan aka yi wani lissafi a 1993 da ya isa a koyar da shi a aji. A zaɓen majalisa na watan Fabrairu, kujeru 83 ake nema. MNSD-Nassara, tsohuwar jam'iyyar gwamnati wadda Tanja Mamadu ke jagoranta, ta zo ta ɗaya da 29. CDS-Rahama ta Mahamman Usman ta samu 22, PNDS-Tarayya ta Mahamadu Isufu 13, ANDP-Zaman Lahiya ta Mumuni Adamu Jarmakwai 11. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ma Tanja ne a gaba da kashi 34 cikin ɗari, Usman na biye da kusan 27. Mai kallo daga nesa zai ce mulki ya koma hannun masu shi. Masu ƙulla tafiya kuwa sun ga cewa 22 da 13 da 11, idan aka ƙara ƙananan jam'iyyu, sun kai 50, alhali 42 kawai ake buƙata. Sun kuma san abin da ba ya cikin takardar hukumar zaɓe: Jarmakwai ɗan MNSD ne a da, ya fita ne bayan ya nemi shugabancin jam'iyyar a 1991 aka ba Tanja. Mutumin da ke ɗauke da irin wannan miki ba zai koma gida da arha ba. Sanin wanda ke jin haushin wa, da tun yaushe, da kuma a kan me, rabin sana'ar ke nan.

Haka aka kafa ƙawancen AFC, aka kuma yi rabo tun kafin a yanka: wanda ya kai zagaye na biyu a mara masa baya, sauran biyun ɗaya ya riƙe gwamnati ɗaya ya riƙe majalisa. Ranar 27 ga Maris Usman ya ci da kashi 54 da ɗoriya. Isufu ya zama firaminista, Jarmakwai ya zama shugaban majalisa. Damagaram ta Usman ta samu, Tawa ta Isufu ta samu, Doso ta Jarmakwai ta samu. A takarda ba ka iya kushe wannan rabo. Abin da ya same shi daga baya za mu zo kansa, amma sai mun biya ta gida, domin mafi kyawun aikin da na sani a wannan fanni a ƙasar Gwandu aka yi shi, shekara ɗari biyu da suka wuce.

Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba jam'iyyar siyasa ba ce, kuma ba kujera ta tara su ba. Duk da haka taron mutane ne iri-iri: malamai, da shugabannin Fulani irin su Aliyu Jedo da Moyijo da Namoda, kowa da dakarunsa, da Hausawa, da Buzaye. Riƙe irin wannan taro bayan an ci nasara ya fi riƙe shi a lokacin wuya wahala. Tun a 1805 aka ga alama. Bayan an ci Birnin Kabi an naɗa Usman Masa sarauta, shekarar ba ta ƙare ba ya juya baya, aka yi mummunar asara a yaƙin Alwasa, maƙiya suka iso har bakin Gwandu kafin a kore su. Shi kansa Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wajen 1807 ransa ya ɓaci da yadda ya ga wasu sun karkata ga duniya, ya kama hanyar gabas da niyyar ba zai dawo ba, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya komo. A 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi.

A wannan rabo akwai wanda ya ga an rage masa. Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu, kuma jama'arsa ta Gimbana ce Gobirawa suka fara faɗa wa kafin hijira. Mutumin da ya riga kowa shan wuya yana da nasa lissafin a zuci, kuma abin da aka ba shi bai kai wannan lissafi ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi tawaye daga Kware. An yi ta musayar wasiƙu tsakaninsa da Bello, abin bai ɗinku ba, aka yi yaƙi, a farkon 1818 Kware ta faɗi, shi kuma ya rasu da raunin da ya samu. Ba ni da hurumin raba gardamar malaman nan biyu. Abin da mai koyon sana'a zai lura da shi shi ne ƙorafin ya daɗe yana tsima kafin ya fashe.

A daidai wannan lokaci akwai wata ɓarakar da ta fi wannan haɗari. Da Shehu ya rasu, Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya iske an riga an yi wa Bello mubaya'a, ƙofar Sakkwato kuma a rufe. Dattijo ne mai shekara hamsin da wani abu, wazirin Shehu, jagoran yaƙin Tabkin Kwatto, malamin da ake ji da shi a ƙasar Hausa baki ɗaya. Ya juya ya tafi Gwandu. Bai ja daga ba, bai kuma yi mubaya'a ba. Shekaru suka shuɗe a haka. Sai ragowar mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka yi ƙarfin da Abdullahi ya kasa murƙushe su shi kaɗai. Wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya taso da runduna ya zo, aka haɗu aka ci garin.

Dubi yadda aka jera abubuwa. Bello bai aika a ce wa baffansa ya fara yin mubaya'a kafin a kawo masa ɗauki ba, ko da yake a ranar yana da ikon gindaya wannan sharaɗi. Da ya yi haka, da ya samu mubaya'ar wanda aka matse, irin wadda ba ta kwana biyu. Ya fara kawo taimako tukuna. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu a bayan gari, Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki, kamar yadda ɗa ke yi wa baffa, sai Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi kuma ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. A cikin ɗan wannan lokaci kowa ya ba ɗan'uwansa abin da ya rasa. Bello ya nuna a gaban runduna cewa girman baffa yana nan daram. Abdullahi ya bayar da abin da ba wanda ya isa ya ƙwata daga hannunsa, ya kuma bayar da shi don kansa, yana kan abin hawansa. Ba wanda ya koma gida da kunya. A bayan wannan sulhu ana ambaton Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, wanda ya yi ta kai da komo tsakanin gidajen biyu. Dillalin siyasa na yau, idan yana neman kakan sana'arsa, ga shi nan.

Abin da ya biyo baya shi ya nuna ingancin ɗinkin. Sakkwato ta riƙe sarautar Musulmi, Gwandu ta riƙe yamma da cikakken iko: Nufe da Ilori da Yawuri, da garuruwan bakin Kwara irin su Sayi, har Liptako a Burkina Faso ta yau, daga Gwandu suke karɓar umarni. Abdullahi ya rasu, Bello ya rasu a 1837, 'ya'ya da jikoki suka gaji tsarin. Ko da Kabawa suka tashi a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, da nasu ƙawancen na Arawa da Zabarmawa da Dandawa, suka hana Gwandu barci shekaru da dama, gidajen biyu ba su rabu ba. Tsarin ya kai har zuwan Turawa a 1903. Shekara tamanin ke nan da 'yan kai.

Irin wannan sunkuyawa ta babba ba a ƙasar Hausa kaɗai take gina gwamnati ba. A ƙasar Ayalan, wadda ta ƙware a gwamnatin haɗin gambiza, an yi zaɓe a Fabrairun 1948 bayan Éamon de Valera ya shekara 16 yana mulki. Jam'iyyarsa ta Fianna Fáil ta samu kujeru 68 cikin 147, mai bi mata, Fine Gael, 31 kacal. Jam'iyyu biyar da 'yan ba-ruwanmu suka ga idan sun haɗu sun fi shi. Cikas ɗaya ne: shugaban Fine Gael, Richard Mulcahy, shi ya jagoranci sojan gwamnati a yaƙin basasar 1922 zuwa 1923, su kuma mutanen Seán MacBride na Clann na Poblachta a ɗaya ɓangaren suka yi yaƙin, sun ce ba za su zauna ƙarƙashinsa ba. Mulcahy ya janye. Aka ɗauko lauya John A. Costello ya zama firaminista, shi kuma shugaban jam'iyya sukutum ya karɓi ma'aikatar ilimi ya yi aiki a ƙarƙashin ɗan jam'iyyarsa. Gwamnatin da ake cewa ba za ta yi wata shida ba ta shekara uku, sai a 1951 ta watse bayan rikicin shirin kula da lafiyar uwa da yaro na minista Noël Browne, wanda likitoci da limaman Katolika suka ƙi.

Ƙullawa aikin mako biyu ne ko wata guda. Riƙo kuwa na kullum ne, kuma a nan yawancin tafiye-tafiye ke mutuwa, don ba wanda ke yi wa mai riƙo tafi. Mu koma Yamai. Gwamnatin AFC ta gaji baitulmali wayam, ga bashin albashi, ga yajin aiki, ga tawaye a arewa, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk wannan bai kashe ta ba. Abin da ya kashe ta takarda ce guda: a watan Satumba na 1994 shugaba Usman ya sa hannu a wata doka da ta rage ikon firaminista. Ko tsarin mulki ya ba shi dama ko bai ba shi ba, abokin tafiya ya ji an ƙwace masa rabonsa a bainar jama'a. Ranar 28 ga wata Isufu ya ajiye aiki, PNDS ta kwashe kujerunta ta koma wajen MNSD, wato wajen waɗanda aka haɗu don a kayar. Hamsin ta zama 37. Majalisa ta kayar da sabon firaminista Sule Abdullahi, Usman ya rusa majalisar, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan hamayya suka dawo da 43. Dole ya naɗa Hama Amadu firaminista, suka shekara suna jayayya a kan wa ke da ikon kiran taron ministoci da naɗa manyan ma'aikata. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kawo ƙarshen gardamar da bindiga.

Abin mamaki, wata biyu bayan murabus ɗin Isufu, irin wannan ciwo ya kama gwamnatin Ayalan a Dublin. Albert Reynolds na Fianna Fáil yana mulki tare da jam'iyyar Labour ta Dick Spring. Gwamnatin nan ma ita ta shigo da dabarar ba kowane minista wani jami'i na musamman, su riƙa zama duk mako suna warware saɓani tun bai kai teburin ministoci ba, wato dai an mai da aikin Giɗaɗo aikin ofis. Amma a Nuwamban 1994 Reynolds ya dage sai ya naɗa babban lauyan gwamnati, Harry Whelehan, shugaban babbar kotu, Labour na cewa a dakata. Ya naɗa. Ministocin Labour suka fice, cikin mako guda gwamnati ta faɗi. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Ba a sake zaɓe ba, soja bai motsa ba. Labour ta zauna da Fine Gael da Democratic Left, ranar 15 ga Disamba John Bruton ya zama firaminista, suka ƙarasa wa'adin har 1997. Sun iya ɓarewa ba tare da rufe ƙofa ba, wanda shi ma wani reshe ne na sana'ar. Daga baya ma sun kai ga karɓa-karɓa a rubuce: a 2020 aka yi yarjejeniya Micheál Martin ya fara, ya miƙa wa Leo Varadkar a Disamban 2022, kuma da ranar ta zo ya miƙa.

A Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan a jamhuriya ta farko, lokacin da NPC mai kujeru 134 cikin 312 ta haɗu da NCNC bayan zaɓen 1959, Tafawa Ɓalewa ya riƙe gwamnati, Azikiwe ya zama gwamna-janar, har rigimar ƙidayar jama'a ta raba su kafin zaɓen 1964. An sake gwadawa tsakanin NPN da NPP a 1979, ta watse a 1981. Amma tsarin shugaba mai cikakken iko ya sauya wurin da ake yin aikin. Tunda wanda ya ci ya cinye duka, ba a jiran sakamako kafin a ƙulla. Kafin zaɓe ake haɗewa, a cikin jam'iyya ɗaya, kamar yadda ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC a 2013. Saboda haka kowace babbar jam'iyya a nan gwamnatin haɗaka ce da ke sanye da riga guda, kuma ɗinkinta yana sauka har mazaɓu 225 na ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi.

A wannan mataki ne za ka ga hannun gwani da idonka. Ranar da aka tsayar da ɗan takara, ba gidan wanda ya samu yake fara zuwa ba, can akwai masu guɗa da yawa. Gidan wanda ya rasa yake nufa, tun kafin masu zuga su riga shi. Ba ya zuwa shi kaɗai, yakan ɗauki dattijon da mai gidan ke jin nauyinsa, surukinsa ko malaminsa. Zai zauna a ƙasa, ya ce "ranka shi daɗe", ya bar mutum ya amayar da duk abin da ke cikinsa, ko da za a kai tsakar dare. A cikin maganganu goma da ya ji, biyu zai kai wa ɗaya ɓangaren, su ma sai ya wanke su. Zagi a kunnensa yake mutuwa. Idan aka zo rabo ya san kujera ba nauyinta ɗaya ba a idon kowa: wani mataimakin ciyaman yake so, wani shugabancin jam'iyya, wani kansila biyu ga yaransa, wani kuwa ba ya son komai illa a ce idan gwamna ya zo gari a gidansa zai fara sauka. Ya san garin da ya daɗe bai samu ba, ya san gidan da aka yi wa alkawari a zaɓen da ya wuce aka saɓa. Sannan ba ya bari a ji labarin janyewa daga bakin kowa sai mai janyewar, a gaban jama'arsa, yana cewa manya ne suka sa baki ya ga ba zai iya ƙi ba. Kowa ya san yadda aka yi, amma an bar masa rigarsa.

Inda nake ganin namu gwanayen sun gaza na Dublin shi ne rubutu. Yawancin yarjejeniyoyinmu a baki suke, da shaidu da Fatiha. Idan shaidun na raye kuma ana jin kunyarsu, ta riƙe. Idan wanda ya hau kujera ya daina ɗaukar waya, ba takardar da za a buɗe masa. Shi ya sa dillalin kirki ba ya ɗaukar ranar rantsuwa a matsayin ƙarshen aiki. Yana nan yana tuna wa mai mulki cewa wane an yi masa rasuwa ba a je ba, wane kuma an yi naɗe-naɗe sau biyu babu nasa ko ɗaya.

Mazaɓar sanata ta Kebbi ta Tsakiya, wadda Gwandu da Kalgo ke cikinta, ta ba waɗannan mutane aikin da ba ya ƙarewa. Adamu Aliero ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007 a APP da ta koma ANPP, ya shiga PDP ya tafi majalisar dattawa. Da aka ba shi ministan Abuja, Atiku Bagudu ya hau kujerar. A 2011 suka kara, Aliero a CPC, Bagudu a PDP, Bagudu ya ci. A 2015 ga su a inuwa ɗaya ta APC, ɗaya gwamna ɗaya sanata. A 2022 Aliero ya koma PDP, a 2023 ya kayar da Bagudu a zaɓen sanata, alhali Bagudu yana kan kujerar gwamna. A watan Mayun 2025 Aliero ya dawo APC tare da sauran sanatocin jihar biyu. Manyan sukan gama nasu a Abuja cikin zama ɗaya, a ɗauki hoto. A mazaɓun Kalgo da Gwandu kuwa akwai waɗanda suka daina gaisawa tun 2023 saboda waɗannan mutane biyu, akwai waɗanda suka tsaya a jam'iyya lokacin da wasu suka fita, suna ganin yanzu ba za a zo a raba daidai da su ba, su kuma masu dawowa suna cewa da ƙuri'unsu suka dawo. Kujerar kansila a kowace mazaɓa guda ɗaya ce, kuma kafin zaɓe mai zuwa sai an san wanda za a ba.